Albasar Gungu

Azumin bana a tsakiyar bazara ya same mu, irin zafin nan na Yauri da tun hantsi mutum yake jin harshensa ya manne a ganɗa. Ranar Laraba ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Yelwa, mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya bi ta hanyar bakin ruwa don ya kauce wa cunkoson kasuwa. Muna zuwa daidai wani lambu sai wari ya tare mu. Shi ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci ya ƙara wuta, ni kuma na ce ya tsaya. Ya waiwayo yana kallona, a zatonsa azumi ne yake neman kayar da ni.

Hanjin kifi ne aka rataya a kan sanduna a tsakiyar fangalan albasar iri. Albasar ta fitar da dogayen karare, kowane da farin fure a kansa kamar dunƙulen auduga, ƙudaje kuma sun yi musu baƙi. Na jima a tsaye cikin rana, mace mai jikoki, da jakar littattafai a hammata, ina shaƙar warin ruɓaɓɓen kifi kamar wadda aka kai shagon turare. Ban san akwai sauran mai yin wannan dabarar ba. Rabona da ganinta shekara talatin da 'yan kai, tun wani azumin da shi ma ya faɗo a bazara, shekarar da na sa Inna ta rasa albasarta.

Mu Gungawa ne. Ni dai ban san gungu ba, wato tsibirin da muka samo sunanmu, a sabon ƙauyen da gwamnati ta gina wa mutanenmu a ƙasar Ngaski aka haife ni, cikin ɗakunan simintin nan da in rana ta take ba mai iya zama a ciki. Amma Inna a tsibiri ta tashi, a tsakiyar Kwara, kuma tana amarya aka ce kowa ya kwashe ya fita, ruwan dam na tafe. Ta sha gaya mana cewa kwale-kwale bai ɗauki komai ba sai mutane da tukwane da awaki. Kabarin mahaifinta, da tsamiyar ƙofar gidansu, da dutsen niƙan kakarta, duk suna nan a ƙasan tafki har gobe. Abin da ta fito da shi nata na kanta shi ne wani ɗan gora cike da irin albasa, wanda mahaifiyarta ta ƙulle mata a bakin zane.

Albasar ba wata mai girma ba ce. Fara ce mai ɗan ratsin ja, shimfiɗaɗɗiya, kamar an danne ta da tafin hannu. Sai dai zaƙi. Ɗanya muke cinta da ƙuli-ƙuli, kuma ko tire guda ka yanka idonka ba zai kawo ruwa ba. Aibinta ɗaya, ba ta jure ajiya, 'yan kasuwa kuma ba sa son abin da zai ruɓe musu a hanyar kudu. Don haka ɗaya bayan ɗaya mutanenmu suka koma jar albasa mai yaji, aka bar Inna ita kaɗai da tata. Mata suna yi mata tsiya, suna cewa ta auri albasa ta bar Baba. Ita ko a jikinta.

Wanda bai san albasa ba zai ce ai iri ne, a zuba a gora a rataye. Irin albasa ba ya daɗewa, in ya haura shekara yawancinsa ya mutu. Dole kowace shekara a sabunta shi, aikin kuma kashi biyu ne. Wanda aka shuka bana zai yi kai, a cikinsa Inna take zaɓen masu kyau kwando guda, ta ce su ne uwaye. Ta rataye su a rumfa duk tsawon damina, kowace Juma'a tana dubawa tana cire wadda ta fara laushi. Da sanyi ya shigo sai ta kai uwayen wani lungu a bakin ruwa, nesa da lambun kowa don kada ƙuda ya gauraya mata da jar albasa, ta dasa su da hannunta. Su ne za su yi fure su ba da sabon iri. Tana da doka guda wadda ko Baba bai isa ya taka ba. Ba a taɓa kwandon uwaye na bana sai irin da uwayen bara suka bayar ya zo hannu, ta zuba shi a ƙwaryar ruwa ta ga ya nutse. Da wannan dokar ta riƙe albasar gungu fiye da shekara ashirin.

A shekarar da nake magana Baba ya rasu a tsakiyar damina, bayan jinyar da ta hana mu noma na biyu. Geron da muka samu ko rabin rumbu bai kai ba. Inna ta shiga takaba, lokacin dashen uwaye ya zo ya wuce tana cikin gida. Yayanta Kawu Bawa, wanda masunci ne, ya zo har sau biyu ya ce ta ba shi ya dasa mata. Ta ce hannunsa na taru ne, ba na albasa ba. Irin da ke gora dai ta yafa shi a bayan ɗaki, tana ba shi ruwan rijiya, shi ya ba ta kwando guda cif na sababbin uwaye. Amma tsofaffin uwayen ba su shiga ƙasa ba sai da ta fita takaba, wata biyu a makare. Furen da ya saba buɗewa cikin sanyi, a shekarar nan sai da zafi ya kankama ya buɗe, daidai da kamawar azumi.

Ni kuma a lokacin na dawo hutu daga kwalejin horon malamai, shekarata ta biyu, kaina ya yi girman da ƙofar ɗakinmu ba ta isarsa. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta faɗin sunana, sai ta samu mafita ta riƙa kirana Malama. Tsiya take yi mini, ni kuwa na karɓa hannu biyu.

Kwanakin nan ina iya jero su kamar jiya aka yi. Da an sallame asuba za mu ɗauki tulu da masaki mu nufi bakin ruwa, mu bar ƙannena biyu suna barci. A wannan lokacin na shekara tafki ja da baya yake yi. Inda muka ɗebi ruwa farkon wata, bayan mako guda ya zama taɓo mai tsagewa, sai mun ƙara tafiya. Mu cika, mu hau gangare, mu juye a fangali, ƙasa ta shanye kafin mu juya baya. Kafin hantsi ya dubi ludayi yashi ya fara ƙuna, mu riƙa taka ciyawa muna tsalle. Abin da ya fi wuya shi ne ruwan da ke zubo maka daga tulu, ya bi goshi ya zo har leɓe, kai kuma ka datse baki. Da azahar mu kwanta a ƙarƙashin mangwaro da jiƙaƙƙen zane a jiki. Da la'asar mu sake komawa. Buɗa-baki kunun tsamiya ne wanda kana ganin ƙasan kofi ta cikinsa, sai ɗan kifin da Kawu Bawa ya aiko, sai tuwon da kullum yake ƙara ƙanƙancewa.

Ranar da furen farko ya buɗe Inna ta aika aka karɓo hanjin kifi wurin Kawu Bawa, ta ɗaɗɗaura a tsumma ta rataya a sanduna. Ƙudan zuma sun yi ƙaranci a bakin ruwa in zafi ya yi yawa, shi ya sa mutanen gungu suke kiran ƙudan gari da wari. Kwana biyu a tsakani ga su nan, manya masu sheƙin kore, suna tashi daga kan hanji suna bin fure ɗaya bayan ɗaya. In ka sunkuya za ka ga wani gari ɗorawa-ɗorawa a ƙafafunsu da bayansu.

Nan ne ilimina ya motsa. Darasi na ƙarshe da aka yi mana kafin hutu a kan wannan garin ne. Malaminmu ya zana fure a allo, ya nuna mana sashen da ke fitar da gari da sashen da ke karɓa, wani ɗan tsinke a tsakiyar fure mai danƙo a kansa. Ya ce iska ko ƙwaro ne ke ɗaukar garin daga wannan fure ya kai kan tsinken wancan, kuma in ba a yi haka ba babu iri. Sai aka buga ƙararrawa, ya ce za mu ci gaba bayan hutu. Ni ban riƙe wannan "za mu ci gaba" ɗin ba. Abin da na tafi gida da shi shi ne, da gari ya sauka an gama.

Na kama ƙuda ɗaya na nuna wa Inna garin a farcena, na yi mata bayani tiryan-tiryan har da zane a ƙasa. Ta saurara da tulu a ka.

Ta ce, "To Malama, ashe abin da muka yi da hanjin kihi har boko an san shi."

Na ce, "An san shi sarai, Inna. Kuma aiki ya ƙare. Iri ya samu."

Ta ce, "Ƙuda sun kai, na gani. Amma ban ga baƙi ga hannuna ba."

Ta wuce da tulunta. Na bi ta a baya ina jin haushin yadda mutum zai ƙi gaskiya don kawai ba daga gungu ta fito ba.

A ranar sha huɗu ga azumi wata iska ta taso daga gabas, busasshiya, mai zafi kamar an buɗe bakin tanda. Ganyen mangwaro ya nannaɗe. Awaki suka daina kiwo suka rakuɓe a gindin katanga. A rana ta uku da fara iskar, muna hawan gangare da la'asar, na ji tulu ya fashe a bayana. Na waiga na ga Inna a ƙasa, idonta ya juye, leɓenta ya yi fari fat. Na jiƙa zanena na shafa mata a fuska ina kiranta, tsoron da ban taɓa ji ba ya kama ni, don wata bakwai kacal da binne Baba. Da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne ko fangalin ƙarshe ya samu ruwa. Na roƙe ta ta sha, ta ƙi, ta ce saura kaɗan rana ta faɗi.

A yammacin nan na leƙa rumbu na ga abin da ya rage ba zai kai mu Salla ba. Ƙannena sun fara lashe ƙwarya suna kallon tawa. Kwandon uwaye kuwa yana rataye a rumfa, fari tas, kuma na san a kasuwar Yelwa cikin azumi akwai masu neman albasa mai zaƙi ido rufe. Bayan mun sha ruwa Kawu Bawa ya zo duba ta, na ga ga mai taya ni, na buɗe baki.

Na ce, "Inna, abu biyu nika roƙo. Ki bar ɗaukar ruwan ga, kuma ki bari a kai kwandon ga Yelwa a samo gero."

Ta dube ni kamar na yi zagi. "Kwandon uwaye?"

"Uwayen mi, Inna, tunda iri ya samu? Kin ga ƙuda da idonki, kin ga gari. Sati biyu suna bisa huren ga. Abin da ruwa za ya yi ya riga ya yi. Saura ya bushe ki girbe."

"Shi littahin naku ya taɓa noman albasa?"

"Waɗanda sunka rubuta shi sun duba cikin hure da madubin da ka nuna abin da ido ba ya gani."

Kawu Bawa ya gyara zama. Mutum ne mai girmama takarda, ko ta ƙunshin ƙosai ya gani a ƙasa sai ya ɗauke. Ya ce, "Ke kinka kai ta karatun ga da guminki. In ba ki ji ta ba, wa za ya ji ta? Ga yara sun rame, ke kuma yau saura kaɗan mu ɗauko gawa."

Inna ta ɗaga kai. Ta kalli ƙannena, ta kalli rumfa. Ta yi wata magana a hankali da Gunganci, wanda sai ranta ya ɓaci take komawa gare shi, ban kuma kama abin da ta ce ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Kin tabbata, Malama?"

A wannan karon babu tsiya a muryarta. Da gaske take tambayata, kamar yadda ake tambayar likita. Na ce na tabbata. Na ma ƙara da rantsuwa, wadda ba wanda ya nema.

Ranar kasuwa da safe ita da kanta ta sauko da kwandon. Ta ɗauki albasar ɗaya bayan ɗaya tana goge musu ƙura da bakin zane, ta mayar, ta aza a ka ta kai har cikin kwale-kwalen Kawu Bawa. Da yamma ya dawo da gero da ɗan gishiri da manja. Mun ci tuwo mun ƙoshi, ba zan ɓoye ba, kuma daɗinsa har yau yana bakina. Ban-ruwa kuma muka daina. Inna ta samu ta kwanta da rana, kumatunta suka ɗan dawo. Na riƙa yawo a ƙauye ina ji a raina ni na ceci gidanmu. Aka yi Salla, na ɗaure akwatina na koma makaranta.

Ranar Litinin ta farko malaminmu ya shigo, ya sake zana furen nan a allo, ya ce, "Ina muka tsaya?" Aka ce masa a saukar gari. Ya ce to, yau za mu ga abin da ya sa saukar gari ba ita ce samuwar iri ba, kuma duk wanda ya haɗa su a jarrabawa ya faɗi. Ya ja wani siririn layi daga kan tsinken zuwa can ƙasan furen. Ya ce garin da ya sauka sai ya tsiro, ya fitar da ɗan zare ya ratsa cikin tsinken har ya isa inda ƙwan iri yake, abin da ke cikinsa ya haɗu da ƙwan. A nan ne iri yake ƙulluwa. Saukar gari kai kaya ne zuwa ƙofa, ƙulluwa kuwa a can ciki take, ba mai ganinta. Ya ce a tsakanin biyun akwai tafiya, kuma tafiyar tana son danshi. In zafi ya yi yawa danƙon kan tsinken yana bushewa, gari ya sauka ya mutu a wurin. In shuka ta ji ƙishi zaren yana tsayawa a hanya, ko kuma irin ya ƙullu ya zube tun bai cika ba. Ya ce fure irin na albasa ma ba rana ɗaya yake buɗewa ba, ɗaruruwan ƙananan furanni ne a kai guda suna bin juna har makonni, saboda haka lokacin ne ya fi kowane lokaci bukatar ruwa.

Biro ya faɗi daga hannuna. Ta kusa da ni ta ɗauko ta miƙo mini, ban karɓa ba. Ina kallon allo amma fangalan Inna nake gani, da iskar nan tana bi ta kansu, da ƙasa tana tsagewa, mu kuma muna kwance a gindin mangwaro da cikinmu cike da tuwo.

Ban iya jira ƙarshen zango ba. Ranar Juma'a na nemi izini na hau motar kasuwa. Na iso da safiyar Asabar na tarar Inna ta riga ta yanko kawunan, sun bushe a kan tabarma, tana murza su a tafin hannu tana sheƙewa a faifai. Ta ɗago ta gan ni ba lokacin hutu ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Ina jin tun a murzar farko hannunta ya gaya mata. A shekarun baya in tana wannan aikin za ka ji iri yana zuba a faifai yana ƙara kamar yayyafi a kan kwano. A ranar ba ka jin komai sai ƙaiƙayi.

Ta tattara ɗan baƙin da ya fita, ta ce in kawo ƙwaryar ruwa. Na kawo. Ta zuba, ta juya da yatsa, muka sunkuya mu biyu. Suka taso suka rufe saman ruwan, baƙaƙe, ba komai a cikinsu sai ɓawo. Ta jira. Ta sake juyawa. Da ta tsiyaye na saman, abin da ya kwanta a ƙasan ƙwarya bai kai cikin ƙaramin cokali ba.

Na fashe da kuka na fara gaya mata darasin Litinin, da zaren, da danshin, ina haɗa magana da shessheƙa. Ta bari na gama.

Ta ce, "Ashe littahin ya san da wannan ma. Ke ce ba ki kai wurin ba."

Na ce, "Inna, ni na kashe miki ita."

Ta ce, "Ba ke kinka ɗauki kwando ba. Ni na aza shi ga kaina, da ƙahwata na kai shi jirgi. Ɗiyana sun ci tuwo. Tashi ki wanke huska."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta daina kirana Malama ba.

'Yan ƙwayoyin da suka nutse ta shanya su ta mayar a gora. Da kaka ta yafa su a fasasshiyar tukunya a ƙofar ɗakinta, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Uku suka tsiro, sirara kamar gashi, ba su yi wata guda ba suka kwanta. Kawu Bawa, wanda shi ma abin ya tsaya masa a rai, ya bar sunsa ya bi mutanen gungu duk inda aka watsa su. Ya je Wara, ya haura har Shanga, yana tambaya gida gida. Kowa sai ya ce ai tuni sun koma ja. Wata tsohuwa ta ba shi iri ta rantse na gungu ne. Inna ta shuka, ta yi masa hidima wata huɗu, ya fito jawur mai yaji. Ƙuda sun daɗe da gauraya shi.

Daga nan albasar kasuwa muka koma saye kamar kowa. Ranar farko da Inna ta zauna yankata ina gida. Na ga hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a kan wuƙa, ita da ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ranar rasuwar Baba. Ta lura ina kallonta, ta goge da bayan hannu ta ce, "Albasar kasuwa ce, yaji gare ta." Haka ta riƙa faɗa duk ranar da ta yanka, shekara da shekaru, ni kuma ban taɓa ce mata komai ba.

Yanzu bakin ruwan ya canza. Injin ban-ruwa ke ta ƙugi inda muke hawa da tulu, iri kuma a gwangwani yake zuwa da hoto a jikinsa, in ya ƙare a sayo wani. Ɗalibaina ba su san ana jiran iri ya nutse ba. Ni ce nake koya musu darasin furen nan kowace shekara, kuma sun san halina a kansa. Ba na raba shi biyu. Saukar gari da ƙulluwar iri a zama ɗaya nake yinsu, ko an buga ƙararrawa ba mai fita sai zaren nan ya isa ƙasan fure. Suna ce mini mai tsanani a bayan ido, na sani.

To ranar Larabar nan, da na gaji da tsayuwa, na sallami mai kabu-kabu na shiga lambun. Mai shi wani dattijo ne, yana zaune a inuwar bukka yana gyaran tiyo. Muka gaisa, na tambaye shi inda ya koyi rataya hanji. Ya ce wurin tsohuwarsa, 'yar gungu ce. Na leƙa cikin bukkar na ga kwando a rataye, albasar ciki ba ta cika ja ba, kuma kamar tana da ɗan faɗi.

Malantar ta motsa, na ce, "Baba, zahin ga ya yi yawa. Kada ka yanke ma huren ga ruwa, kuma kada ka taɓa uwayen can sai ka ga iri."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Hajiya, wa ka taɓa uwaye iri bai nutse ba? Ai ko yaro ya san wannan."

Na ce haka ne.

Na roƙe shi guda ɗaya. Ya ce daga kwandon dai a'a, amma ya tono mini 'yar'uwarsu daga cikin waɗanda ya ware don ci. Na kawo ta gida a cikin jakar littattafai. Ban yanka ba, ban ko ɓare ta ba, don ina tsoron hancina ya riga bakina sani. Na wanke ta na ajiye a faranti kusa da dabino. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana na fi sau goma ina zuwa ina ɗaga ta ina dubawa ta hasken taga. Wani lokaci in ga ratsin nan na Inna, wani lokaci in ga ba shi ba ne. 'Yata Hadiza tana jera kofuna tana satar kallona.

Da aka kira salla na tsallake dabino, na tsallake ruwa, na ɗauki albasar na gatsa.

Yajin ya hau mini har ƙwaƙwalwa. Na ci gaba da taunawa, na haɗiye, hawaye yana zuba a kan farantin. Hadiza ta ajiye kofi ta matso ta dafa ni.

"Mama, lafiya? Me ya faru?"

Na goge da bayan hannu na ce, "Albasar kasuwa ce, yaji gare ta."